Yaɓen Iya Kyauta

A Ɗanzomo, in aka nuna bango aka ce hannun Kyauta ne, to magana ta ƙare, damina uku za ta bi ta kansa bai ko yi gezau ba. Yaɓen waje aikin maza ne, kowa ya sani, amma wa ya isa ya je ya gaya mata? Gajeriya ce, baƙa, mai tafin hannu kamar faifai, ga murya wadda in ta kira akuyarta a wannan unguwa sai ta waccan unguwa ta amsa.

Wurin mijinta ta koya, Barau magini, wanda ya auro ta daga Gagarawa tun kafin Nasara su shigo Gumel. Ƙasar nan tamu rairayi ce, in ka dunƙule ta ka buɗe hannu sai ta watse, saboda haka yawancin mutane ɗakin kara suke yi. Mai son soro sai ya kora jakuna can fadama ya ɗebo yumɓu. Barau na gini, Kyauta na kwaɓi. Ita ke tattake ƙasa da ciyawa da kashin jaki, ta rufe ta kwana bakwai har ta ruɓa tana ɗoyi. Ita ke bin masu daddawa gida gida tana roƙon ɓawon ɗorawa, ta jiƙa shi a randa har ruwan ya yi ja, shi ne makuba, wadda in aka gauraya ta da yaɓen ƙarshe ruwan sama ke zamewa a kai. Wata rana Barau ya faɗo daga tsani ya gurɗe ƙafa ana tsakar aiki, Kyauta ta ɗaure zani ta hau ta ƙarasa. Tun daga ran nan ba ta sauko ba.

Soron ƙarshe da Barau ya gina kafin ya rasu, na ɗansu na fari ne, Ilu, a kusurwar gabas ta gidan gandu, don in ya yi aure ya sa amarya. Auren bai zo ba, yunwa ta riga shi. A shekarar babbar yunwar nan da aka ci ganye har ganye ya ƙare, Ilu ya kora jakuna biyu ya nufi kudu neman hatsi. Wani ya ce ya gan shi a Kano yana dako a tashar jirgi. Wani ya ce a'a, gaba ya yi. Daga nan shiru.

Kyauta ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "mai ɗakin can." Ta jawo ƙyaure ta rufe ƙofar soron, ta tokare da turmi. Amma kowace bazara, da zarar zafi ya fara kawo ƙamshin hadari, sai a ji ɗoyin kwaɓinta ya cika unguwa. Rijiyar garin gaba talatin ce, guga ɗaya sai ka yi gumi, haka take jido ruwa tulu tulu ta zuba wa ƙasa. Ta fara da bangon gabas, don daga nan ruwa ke dukan gini, ta gyara bakin indararo, ta bi ko'ina da tafin hannu, ta bar sawun yatsunta a jere. Kewar ɗanta na cin ta, kuma bangon nan kaɗai take iya gaya wa.

Akwai kuma wani dalili. A garin, ɗakin da mai shi ya yi nisa, muddin ana yaɓe masa shi to nasa ne. Ran da aka bar shi ya shiga damina ba yaɓe, ya zama kango, duk ɗan dangin da ya yaɓe shi shi ke shiga. Ɗantsoho kuwa, ƙanen Barau, wanda gidan ya koma hannunsa, ya daɗe yana lashe baki a kan soron nan. Ɗansa Hamma ya auri wata Rabi'atu, suna zaune a ɗakin kara mai yoyo.

"Matata," Ɗantsoho kan ce da ita, da yake akwai wasa tsakaninsu, "ke dai kina gina wa ƙadangaru fada."

"Ƙadangarun ma sun fi ka sanin gini," in ji Kyauta. "Matsa ka ba ni wuri, raggon miji."

Shekara biyar ana haka. A ta shida aka yi zazzaɓin nan mai tari da ya kwantar da gari ɗungum. Kyauta ta tashi, amma ta tashi ba ƙarfi, ko tulu ba ta iya ɗagawa. Bazara ta zo, babu ɗoyin kwaɓi a unguwa. Ɗantsoho ya shaƙi iska ya ji wayam, ai kuwa sai ya sa hula ya tafi wurin mai gari.

Mai gari dattijo ne mai gudun rigima. Ya sa aka kira Kyauta, ta zo tana dogara sanda, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "yaɓen bara yana nan daram. Ko bana ban taɓa shi ba zai kai baɗi."

Ɗantsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, al'ada ba ta ce bara ba. Hamma zai yaɓe shi bana."

Mai gari ya shafa gemu ya ce, "To, ku bar wa ruwa shari'ar. Ran da ruwan shuka ya sauka zan zo da kaina. Wanda na tarar da yaɓensa a jikin bango, maganarsa za a bi."

Washegari Hamma ya fito da ƙarfinsa. Kai, yaron ƙaƙƙarfa ne, ba a raina masa! Ya ɗebo yumɓu, ya kwaɓa da safe, kafin azahar ya fara maka wa bango. Kyauta na zaune a inuwar rumbu tana kallo. Kwaɓin ɗanye ne, bai ruɓa ba, wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi muni, a kan tsohuwar makubarta yake liƙawa haka nan, bai karce ta ba, bai yayyafa mata ruwa ba. Makuba kuwa aikinta ke nan, ta ƙi duk abin da ya zo jikinta. Mutanen da suka saba da ɗakin kara ina za su san wannan? A wurinsu ƙasa ƙasa ce.

Kalma ɗaya za ta gyara masa aikin. Kyauta ta ji ta a bakinta, don ganin ɓarnar aiki na mata ciwo kamar ƙaya, amma ta haɗiye. Ni dai ban ga laifinta ba.

Da ya gama, Hamma ya samo farar ƙasa ya shafe soron fes, har da zane a bakin ƙofa. Mutane suka riƙa tsayawa suna sha'awa. Ya zo ya tsuguna gabanta yana share gumi.

"Iya, ya kika gani?"

"Ya yi kyau," in ji ta. "Amma ba zai kama ba."

Ɗantsoho ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Hassada ga mai rabo taki!" in ji shi.

Bayan kwana goma sha ɗaya, ranar wata Talata bayan la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta zo ta tafi da danni biyu, sa'an nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kyauta na bakin ƙofarta, ko ɗar ba ta ji ba. Ta ga farar ƙasa ta fara gangarowa kamar kunu. Ta ga yaɓen ya kumbura, ya yi ciki, ya tsage daga sama. Can sai ji aka yi rim! Bangon gabas ya tuɓe rigarsa gaba ɗaya ya zubar a ƙasa. Ga jar makubarta nan a ƙarƙashi tana ƙyalli, ruwa na zamewa, sawun yatsunta a jere yadda ta bar su bara.

Da safe mai gari ya zo, ya zaga, ya ƙwanƙwasa da sanda. Bai ma yi doguwar magana ba. "Hannun Kyauta ne," in ji shi, ya wuce gona. Ɗantsoho ya tsaya yana sosa ƙeya, Hamma ya sunkuyar da kai, Rabi'atu tana can tana shanya tabarmarsu da ta kwana a jiƙe.

Daɗi ya kama Kyauta har ƙarfinta ya dawo rabi. Ta ce bari ta duba ko rufin ya yi yoyo, tunda an taka shi da yawa wajen aikin banza. Ta sa aka kawar mata da turmi, ta ture ƙyauren da ba ta buɗe ba tun ran da ta rufe shi.

Wani wari ya buge ta, na ƙasa da ruma. Da idonta ya saba da duhun, sai ta ga shuri ya tashi a ƙuryar ɗakin, ya kai mata ƙugu. Gara ta bi bango ta hau, ta lulluɓe itatuwan rufi. Tabarmar Ilu ta zama gari. Ta ɗaga sandarta ta zunguri itace ɗaya, sandar ta shige kamar cikin tuwo. Ta zunguri na biyu, ya yi ƙarfi. Na uku ya fashe.

Innalillahi! Ita da ta fi kowa sani a garin nan. Gara ba ta zama inda ake hura wuta, hayaƙi ke korar ta, shara da takun ƙafa ke hana ta gini. Shekara shida tana tsare wa ɗanta bango, rufi na shirin ruftawa a ciki. Damina biyu nan gaba, da Ilu zai zo ya tarar da bango huɗu masu kyau da sararin sama a kansu. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun tafiyarsa, ita kaɗai, ta jingina da bangon.

Da ta gama ta share ido da haɓar zani, ta fito da muryarta ta da.

"Hamma! Ɗauko gatari da fartanya. Shurin nan za ka tone har uwar garar, itace huɗu za ka canja. Kwaɓi kuma ni zan nuna maka, kwana bakwai, ko da ɗoyin zai kashe ka. Rabi'atu, bar tabarmar nan, kwaso murhunki."

Ɗantsoho ya washe baki. "Matata, ashe kin ba mu?"

"Ban ba ka ko ƙofa ba, raggo. Riƙo ne. Ran da mai shi ya zo, ku kwashe komatsanku."

Rabi'atu ta zo ɗauke da duwatsun murhu, ta tsaya a bakin ƙofa tana jin nauyin shiga.

"Shiga mana, 'yar nan," in ji Kyauta. "Hura wuta, ki sa ɗanyen itace ya yi hayaƙi sosai. Kullum ki hura, safe da yamma. Ba na so ya sha wannan doguwar hanya ya zo ya rasa inda zai kwanta."