Mutumin da Lambarsa Ba Ta Rabuwa

Ni na ba shi lambar ma'aikaci ranar da kamfaninmu ya ɗauke shi tsaron sito: 104729. Ita ce ta gaba a jeri, ban zaɓa ba. Ya tafi da ita gida, ya yi ta gwada rabawa a bayan kwalin sabulu har damina ta wuce. Rannan ya shigo ofishina yana haki.

"Akawu, ka san abin da ka ba ni? Babu lambar da ke raba ta sai ɗaya, sai ita kanta!"

Na ce, "To, Allah ya sanya alheri."

Daga ranar sunansa ya koma Ba-ta-rabuwa. Kafin ya gaishe ka sai ya leƙa katin wuyanka. In lambarka na rabuwa biyu, gaisuwar a taƙaice take. Masinja, da tasa ta ƙare da biyar, ko kujera ba ya samu a sito. A gaskiya aikinsa ba laifi, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Shi ya sa manaja ya ɗaga shi zuwa babban ma'aikaci: ƙarin albashi, ofis mai fanka, da gida a rukunin gidajen kamfani. Sai dai a ƙa'idarmu, babban ma'aikaci sabuwar lamba yake karɓa. Tasa ta fito 310422. Ya kalle ta kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Biyu ta shiga, uku ta shiga, shida ta shiga. Wannan lamba ce ko bakin kasuwa?"

Matarsa ta biyo shi har ofis, da goyo.

"Malam, ɗakinmu yoyo yake. Lambar za mu shimfiɗa a kan rufi?"

"Ke ba ki san lissafi ba."

"Na san yara shida a tabarma ɗaya."

Ya ƙi sa hannu. Gidan ya tafi ga wani mai lambar da ko ɗan firamare zai raba. Shi kuwa ya ci gaba da ƙirga ƙusoshi har furfura ta gama da kansa.

Da ya yi ritaya, ni na miƙa masa lambar fansho: 450000.

"Akawu, ba a canzawa?"

"Ba a canzawa, sai dai ka ƙi karɓa, kamar wancan karon."

Matar tana tsaye a bayansa. Ya waiga sau ɗaya, ya ɗauki biro.

Yanzu duk ƙarshen wata ina ganinsa a layin fansho na ƙananan ma'aikata, yana bayyana wa tsofaffi cewa lambobi casa'in ne ke raba sabuwar lambarsa, wato lamba ce mai jama'a. Na duba, casa'in ɗin ne. Rufin ma na duba, yana nan yana yoyo.