Ranar da Kawu Ɗanlami Ya Je Ta'aziyya a Ingila

Ku da kuka zauna da Kawu Ɗanlami a fulat ɗinmu na Al Qusais a Dubai, ai kun san mutumin nan bai taɓa shiga wuri bai yi sallama ba. Kuma sai an amsa! Rannan a jirgin ƙasa na metro ƙofa ta buɗe, ya tsaya ya rangaɗa sallama, ba wanda ya kula shi, ƙofa ta rufe, jirgi ya tafi da ni ya bar shi. Da ya iso sito a Al Quoz na ce, "Kawu, jirgi fa ba zaure ba ne." Ya ce, "Rufe min baki, shaƙiyyi. Cike yake da mutane, kuma duk ba tarbiyya."

To irin wannan mutum aka ce in raka Ingila, bikin gama karatun 'yarsa, Yaya Hajara. Gwiwarsa na ciwo, dole sai da ɗan rakiya. Ni da na gudu daga aji ukun sakandare, sai ga ni da biza, habibi!

Muna sauka Yaya Hajara ta ja ni gefe. Ashe Kawu ya gama tsara mata kujera a ofishin kagonsa na jigilar kaya a Dubai, har ya sa an yi fenti. Ita kuwa koyar da adabi take so, har an ba ta gurbi a can Ingila. Amma ta rantse in bai amince ba, tattara kayanta za ta yi ta biyo mu. Ta ce, "Nura, gobe zan kai ku wani tsohon gari a bakin kogi, inda aka haifi wani babban marubucinsu. A can zan faɗa masa. Kai dai ka tabbata ransa bai ɓaci ba."

Na ce, "Yaya, ki sa ni tsare ruwan sama mana, ya fi sauƙi."

Garin kam ya yi kyau, wallahi. Ga gada ta dutse, ga ciyawa shar, ga wasu fararen tsuntsaye masu dogon wuya suna yanga a kan ruwa. Kawu ya leƙa, ya taɓe baki. "Wannan ne kogin? Titin sitonmu in an yi ruwa ya fi shi cika. Agwagin nan fa, na waye?" Aka ce ba na kowa ba ne. Ya riƙe baki. "Kiwo ba mai shi, kuma har yanzu suna nan? Lallai babu 'yan Fagge a garin nan."

Yaya Hajara ta ce mu hau kwale-kwale. Baturen da ke ba da hayarsa ya karɓi kuɗi, ya miƙo wa Kawu filafilai biyu, ya koma ya zauna abinsa.

"Ina direban?"

"Abba, kai za ka tuƙa, shi ne daɗin."

"In biya, kuma in tuƙa? Ki gaya masa in ni zan tuƙa, shi zai biya ni. Halas, magana ta ƙare!"

Kawu ya juya ya bar kwale-kwalen. Yaya Hajara ta harare ni kamar ni na ƙera jirgin. Na yi maza na ciro dabinon da muka zo da shi na cusa masa a hannu, na ce, "Yalla Kawu, mu je gidan marubucin."

Gidan na katako ne da farar ƙasa, duk ya karkace. Kawu ya ƙwanƙwasa ginshiƙi ya ce, "Duk arzikinsu ba magini?" Sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ga layin 'yan yawon buɗe ido a bayanmu har titi, ya ce, "Salamu alaikum!" Shiru. Ya ƙara. Na ga ba zai motsa ba, na zagaya ta gefensa na shige, na maƙe murya na ce, "Wa alaikumus salam, bisimilla." Ya ce, "Na gane ka, ɗan banza," amma ya shiga.

A ciki wata dattijuwa sanye da kayan mutanen da tana nuna gado, tana nuna murhu, tana ta zuba bayani. Kawu ya saurara ya ƙoshi, ya ce wa Yaya Hajara, "Tunda mai gidan ya rasu, tambaye ta ina iyalinsa, mu yi musu gaisuwa."

"Abba, shekara ɗaruruwa fa da mutuwarsa."

"An hana ne? Mun shigo gidan mutum mu kalli gadonsa mu fita? Tambaye ta!"

Ta tambaya, kunya kamar ta nutse. Matar ta ce ai zuriyarsa ta daɗe da ƙarewa, ko jika bai rage ba.

Kawu ya ce, "To wa ke share gidan?"

Matar ta ce su ne.

"Me kuke da shi?"

Ta ce ba komai, rubutunsa kawai suka karanta.

Kawu ya dubi layin mutanen nan, Sinawa, Indiyawa, Larabawa, ya dubi matar. Sai ya ɗan russuna ya ce mata da Hausa, "To ke ce iyalin. Ya haƙuri?" Ya damƙa mata sauran dabinon gaba ɗaya. Baiwar Allah ta rasa yadda za ta yi, ta rungume leda.

Muka koma bakin kogi muka zauna a benci. Yaya Hajara ta fara, "Abba, dama akwai wata magana…"

Ya ce, "Na sani. Wa ke kawo ɗan kago gidan marubuci haka siddan? Ni na haife ki fa. Ki zauna ki yi koyarwarki." Ta fashe da kuka. Ya ce, "Shwayya shwayya, a hankali, Turawa za su ce dukanki na yi. Amma da sharaɗi: in kin rubuta naki littafin, da Hausa za ki fara, in samu mai karanta min."

Na ce, "Ga ni, Kawu."

Ya ce, "Kai? Lambar kwantena ma sai ka yi mata kuskure."

Bai ga littafin ba. Lokacin korona Allah ya karɓi abinsa, jirage a tsaye, Yaya Hajara ba ta samu zuwa ba. Mu 'yan kaɗan muka kai shi, ita tana kan waya tana ji. Da muka dawo ta ce min, "Nura, da a ce ranar nan ya ce a'a, da ina kusa da shi lokacin da ya cika." Na ce, "Yaya, duk wanda ya shigo sito sai Kawu ya gaya masa 'yarsa na koya wa Turawa Turanci. Har direbobi sun gaji da ji." Ta yi dariya, tana jan hanci.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya yafe masa, ya yalwata makwancinsa. Allah ya sa abin da ya bar 'yarsa ta yi ya zame masa haske. Mu da muka sha faɗansa, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.