Akwatin da ke Ƙarƙashin Teburin Chuwang

"To ka kai shi mota mana, Oga. But ɗin motarka ba ya rufuwa ne?"

"Yana rufuwa."

"To me ya rage? Kafin sufeton nan ya iso ka ɗauke shi ka kai gida. Matarka ta yi maka faɗa ta gama. Faɗan Madam ai ya fi sallama daga aiki sauƙi."

Chuwang ya ci gaba da ɓare dafaffen ƙwansa a hankali, yana tara ɓawon a tafin hannu. Suna zaune ne a bayan shagon da suke aiki a garin Lanham na jihar Maryland a Amurka, kan dakalin da manyan motoci ke sauke kaya, lokacin hutun rana, a farkon bazarar 1984. Mai maganar Muntaka ne, matashin injiniya ɗan Kano, wanda aikinsa shi ne duba ingancin duk abin da zai fita daga shagon. Su biyu ne kaɗai masu jin Hausa a wurin, shi ya sa kullum tare suke cin abinci.

"Injiniya," in ji Chuwang, "akwai wanda bai san akwatin nan ba a shagon nan? In sufeto ya tambaya fa?"

"Wa zai tambaya?"

"Kai. Ba kai ne mai rantsuwa a kan aikinmu ba?"

Muntaka ya ajiye cokalinsa. "Wallahi Oga, kai ka iya ɓata wa mutum abinci."

Shagon ƙarami ne, na wata dattijuwa Ba'amurkiya mai suna Olive, wadda ta gaje shi daga mijinta. Aikinsu gyaran manyan makatsan wutar lantarki, waɗanda ma'aikata ke kira bireka. Wasu na masana'antu ne, wasu na asibitoci, wasu kuma na wata tashar nukiliya da ke can wata jihar. Ɗaya daga cikin na tashar nan ce ta jawo magana. Aikinta ta yanke wuta cikin ƙiftawar ido, don sandunan da ke kashe tukunyar nukiliyar su faɗa ciki. Da aka gwada ta a can, sai ta yi jinkiri. 'Yar'uwarta da ke gefe ta yanke a kan lokaci, ba abin da ya faru, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma a harkar nukiliya ba a cewa Allah ya kiyaye a wuce. Aka buɗe ta, aka tarar wani sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tankwashewa ya dawo, ya saki a ciki, kuma ba sabo ba ne. Ga shi ba a daɗe da dawo da ita daga Lanham ba. Shi ne hukumar da ke sa ido kan tashoshin ta ce za ta turo mutum.

Akwatin kuwa na ƙarfe ne, koren fenti, yana ƙarƙashin teburin Chuwang. Duk abin da aka cire daga tsohuwar bireka aka jefa a kwandon shara, in idonsa ya ce da sauransa, sai ya tsince shi. Sifirin, noti, washa, 'yan tagulla. Ya wanke da kananzir, ya goge har ya yi ƙyalli, ya shafa masa ɗan mai, ya jera.

Ba a Amurka ya koyi wannan ba. An haife shi a wani ƙauye kusa da Barikin Ladi, inda mahaifinsa ke haƙar kuza. Da ya gama firamare aka kai shi wurin wani tsoho mai suna Katung, wanda ke gyaran injinan da ke janye ruwa daga ramukan kuza. A wurin Katung babu maganar a aika a sayo. In abu ya karye, sai dai a jira jirgin ruwa daga Ingila, ruwa kuwa ba ya jira, cika ramin zai yi. Saboda haka Katung ke naɗa waya da hannunsa, ya yanko washa daga tsohon gwangwani, ya lanƙwasa sifirin a kan ƙusa. Da yamma kafin a tashi sai ya zazzage kwandon shara a tsakar shago, kowa na kallo. Wanda aka samu ya jefar da noti mai kyau, ranar kunnensa zai yi zafi. Haka nan in wani makaniki ya zo neman ɗan ƙarfe, ko daga shagon abokin hamayya yake, ba a hana shi. Sai Katung ya nuna masa tulin da leɓe, ya ci gaba da aikinsa.

Da wannan tarbiyya Chuwang ya iso Maryland a ƙarshen shekarun saba'in, yana bin matarsa Pauline, wadda ta samu aikin jinya. Ya yi karatun yamma ya samu takardar aikin lantarki. Watanninsa na farko, abin da ya fi ɗaure masa kai ba dusar ƙanƙara ba ce. Safiyar ranar kwashe shara ce, yadda zai ga fanka da talabijin da dutsen guga a bakin titi, ba abin da ke damunsu sai waya ɗaya da ta tsinke. Nan da nan 'yan gida Najeriya da ke can suka san shi. Duk wanda ya taho da rediyo daga Jos ya rasa yadda zai yi da wutar Amurka, ko zai aika firji gida yana tsoron kada wutar can ta ƙone shi, Chuwang ake nema. Ranar Lahadi bayan sujada, kafin ya kai mota an cika masa hannu. Bai taɓa cewa a'a ba.

A shagon Olive ma haka. Hannunsa ya fi na kowa tsabta, shi ya sa aka ɗora shi a teburin kayan nukiliya, teburin da kowa ke so. Ya san doka sarai: duk abin da zai shiga birekar tashar sai sabo, daga ɗakin ajiya, da shaidar inda aka ƙera shi. Bai taɓa karya wannan ba. Akwatin na fankokin 'yan coci ne, a ganinsa. Yanzu ga shi akwatin na neman ya raba shi da teburin, watakila da shagon gaba ɗaya.

Da yamma ya tarar da Pauline tana guga farar rigarta ta aiki, 'yarsu Irene tana ɗaki tana karatu. Ya ba ta labari tun daga farko, har da shawarar Muntaka.

"Ka kawo shi ina? Baban Irene, ka leƙa gareji kuwa? Motarmu a waje take kwana saboda tarkacenka."

"Ba tarkace ba ne."

"To dukiya ce. Kai ka sa tsohon abin a ciki?"

"Allah na gani, ban sa ba."

"To wa ya sa?"

Ta jingine dutsen gugar ta dube shi.

"A asibitinmu, allurar da aka buɗe ba a yi amfani da ita ba, zubarwa muke. Sabuwa fil. Da na zo, zuciyata har ciwo take. Rannan na ɓoye wasu a aljihu, shugabarmu ta gani. Ba ta yi min tsawa ba. Cewa ta yi, in 'yarki ce a kan gadon, da wacce za ki yi mata? Tun ranar na daina."

"Allura daban, ƙarfe daban."

"To. Kai ka san ƙarfe." Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da gugarta.

Ranar da sufeton zai zo, Chuwang ya riga kowa isa. Ya jawo akwatin, ya ɗaga shi, ya ji nauyinsa. Ƙofar baya a buɗe take, motarsa na nan kusa. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ɗora shi a kan teburin, ya buɗe murfin, ya bar shi a haka. Da Muntaka ya shigo ya gani, sai ya dafe kai.

"Inna lillahi. Oga, baje koli ka yi?"

Chuwang ya zaci zai ga ƙaton mutum mai tsawa. Sai ga wani ɗan tsamurmurin dattijo mai mura, da hankici a hannu, yana ta ba da haƙuri kan atishawa. Ya zaga ɗakin ajiya, ya yi wa Muntaka tambayoyi, sannan ya tsaya a gaban akwatin, Olive na bayansa. Da Turanci suka yi magana, a hankali.

"Naka ne?"

"Nawa ne."

"Ka taɓa sa wani abu daga nan a birekar tashar?"

"Ban taɓa ba."

"Na yarda. Kana kulle shi?"

"A'a."

"Wani ya taɓa ɗauka?"

Chuwang ya dubi akwatin. Sau nawa wani zai zo wucewa ya ce noti ya faɗi masa, ko ɗakin ajiya a rufe, mai makulli ya fita? Sau nawa ya nuna akwatin da leɓe ba tare da ya ɗaga kai ba? Bai taɓa tambayar kowa ina za a kai ba. A inda ya tashi, wannan tambayar rowa ce.

"Suna ɗauka," in ji shi. "Ni nake cewa su ɗauka."

"Su wa?"

"Kowa. Ban riƙe ba."

Sufeton ya fyace hanci. Ya aiki Muntaka ya kawo sabon sifirin daga ɗakin ajiya, ya zaɓi irinsa daga akwatin, ya haɗa su a tafin hannu ya jujjuya, ya ajiye a kan tebur.

"Wanne ne naka?"

Chuwang ya ɗauki na farko, ya kai shi kusa da fitila. Ya matsa shi da yatsa. Ya ɗauki na biyun, ya matsa, har ya sansana. Dukansu suna ƙyalli. Ya gwada su a kunne, ya gwada nauyinsu. Shekara da shekaru yana alfahari da cewa yatsunsa ba sa yi masa ƙarya, yau ga su sun yi shiru.

"Ban sani ba."

"Ni ma yanzu ban sani ba," in ji sufeton. "Ɗaya bai taɓa aiki ba. Ɗayan ya yi shekaru cikin zafi yana buɗewa yana rufewa, ya gaji a ciki, inda ido ba ya kaiwa. Da ka bar shi da dattinsa, da ba wanda zai yi kuskure. Ka iya goge ƙarfe, malam. Ka iya ƙwarai."

Ba da gatse ya faɗa ba, wannan ne ma ya fi yi wa Chuwang ciwo. Ya tuna mutanen da ke zaune kusa da tashar, waɗanda bai taɓa gani ba, masu shanya kaya a bayan gida da kai yara makaranta.

Bayan sufeton ya tafi, Olive ta kira su ofis su biyu. Ta fara da Muntaka, wanda ya san da akwatin tun zuwansa bai ce komai ba. Ya sha faɗa har gumi ya jiƙa masa kwala. Sannan ta juyo. Ta ce duk birekar tashar da ta bi ta shagon sai an dawo da ita an sake buɗewa. Daga yau, abin da aka cire, a take za a farfasa shi kafin ya shiga shara.

"Kai kuma Chuwang, ba zan kore ka ba. Da na zo na tarar akwatin ya ɓace, da na kore ka, domin na san da shi, ni ma na yi shiru. Amma ka sauka daga teburin nukiliya. Ka koma kan kayan masana'antu. In ka sake horo ka ci jarrabawa, mu gani."

"Na gode, Madam. Abu ɗaya nake roƙo."

"Me?"

"Kayan akwatin. Kada a ba wani ya fasa."

A kan dakalin baya ya zazzage su. Ya ɗauko guduma da guntun ƙarfen layin dogo da suke dukan abu a kai. Ya ɗora sifirin na farko, ya gyara masa zama kamar zai ɗaura shi a wani wuri, sannan ya sauke gudumar. Muntaka na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu.

"Oga, in taya ka?"

"Bari, Bakano. Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa, ka fasa min yatsa."

"To wannan tagullar fa? Wallahi kamar ta yi magana."

"Ita ce ta fi haɗari." Ya buga mata har ta lanƙwashe.

Bai yi sauri ba. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, wasu yana tuna ranar da ya tsince su. Da ya gama ya share wurin, ya juye a gangar tsoffin ƙarafa. Ya ɗauki tsumma ya daɗe yana goge hannunsa.

"Yanzu fankokin 'yan cocinku fa?" in ji Muntaka.

"Su sayi sabon noti. Ba su fi ƙarfinsa ba."

Wata babbar mota ta shigo da baya tana ƙara. Direban ya leƙo ya ce bireka ce daga gidan burodi, tun safe tanderunsu a kashe, mai gidan kuma sai kiran waya yake. Chuwang ya rataye gudumar a ƙusarta, ya zura safar hannu, ya jawo amalanken ɗaukar kaya ya nufi motar.