Gwangwanin Man Baba Yohanna

Ina cikin shagona a Kasuwar Sabon Gari, bayan la'asar ɗin wata Asabar, ina ninke atamfar da wata mata ta sa na warware har turmi shida ba ta sayi ko ɗaya ba, sai na ga Alhaji Bukar tsaye a bakin ƙofa. Alhaji Bukar aminin mahaifina ne tun suna aikin reluwe tare, tsoho ne da ƙafa ta gaji, ba ya shiga kasuwa sai dole. Bai yi mini zolayar da ya saba ba. A hannunsa kuwa na ga ɗan gwangwanin man Baba, mai dogon bakin nan, wanda bai taɓa kwana a hannun wani ba. Ya ce, "Saratu, 'yata, rufe shagon nan. Sai haƙuri, Yohanna ya riga mu." A kan bencin ƙofar gidan Alhajin a Fagge abin ya faru. Baba ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha, ya jingina da bango, shi ke nan.

Waɗanda suka san Baba Yohanna a coci sun san shi dattijo mai zama a bencin baya, wanda ba ya son a kira shi gaba ya yi jawabi. Mu 'ya'yansa biyu, ni da ƙanena Iliya, mun san shi da kalma uku da yake rufe addu'ar safe da su. In ya ce amin, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wataƙila yau ne." Dawowar Ubangiji Yesu yake nufi. Ina ƙarama abin yakan tsorata ni, har nakan leƙa sama kafin in tafi makaranta. Shi kuwa da ya faɗa sai ya sa takalmi, ya ɗauki gwangwaninsa, ya nufi tasha yana fito.

Aikinsa a tashar jirgin ƙasa shi ne kula da ƙarafan da ake ja a sauya wa jirgi layi. An yi shekarun da jirgi ya yi wuya, sai a yi makonni ba a ji kukansa ba. Alhaji Bukar ya sha ba mu labarin yadda abokan aiki kan zauna a inuwa suna dara, Baba kuwa ya bi layi cikin rana yana goge ƙarfe yana ɗiga masa mai. Sukan ɗaga murya su ce, "Kai Yohanna, wa kake yi wa kwalliya?" Sai ya ce, "Ba a aiko mini takarda cewa jirgi ya daina zuwa ba. Ranar ce kawai ba a gaya mini ba." Da ya yi ritaya, gwangwanin ya biyo shi gida. Ƙofofin coci, keken ɗinkin maƙwabciya, kwaɗon shagona, ƙofar garejin Alhaji, ba abin da ya tsira.

Sai kuma abin da muke kira zagayen Asabar. Kowace Asabar da hantsi yakan fita a ƙafa, ya bi duk wanda ya san sun yi sa-in-sa da shi cikin mako, ko wanda ya ga kamar ya amsa masa gaisuwa da sanyi, ya nemi gafara. Mama takan ce mutumin nan ko igiyar akuya ya taka sai ya koma ya ba ta haƙuri. Ni kam a lokacin kunya abin yake ba ni, dattijo guda yana rusuna wa mai tumatir. Na taɓa gaya masa haka. Ya ce, "Ba na son a kira ni ina da sauran magana a bakin wani."

Dole in faɗi abin da ya fi yi mini nauyi, don in na tsallake shi na yi wa Baba ƙarya a kabarinsa. Shekara huɗu da suka wuce, wani mai wa'azi da ba mu san daga ina ya ɓullo ba ya sa wa duniya ranar tashi. Iliya ya ruɗu. Ya bar aikinsa na gyaran waya, ya bi mutumin da jama'arsa bayan gari, wai za su yi azumi su jira. Suka kashe wayoyi duka. A cikin makon ne ciwon Mama ya tashi. Kwana uku ina gefen gadonta a asibiti tana tambaya, "Iliya ya zo?" Ina ce mata yana hanya. Ta rasu tana kallon ƙofa.

Bayan mun binne ta da kwana huɗu sai ga shi, ya rame kamar kara, ranar da aka sa ta wuce duniya tana nan daram. Ya zube a gaban Baba yana kuka. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ka tafi daji jiran Ubangiji, shi kuwa yana asibiti, gefen gadon uwarka." Iyakar faɗan da ya yi masa ke nan. Ya tashi da kansa ya zubo masa abinci. Ni fa? Ni bakina ba ya da linzami, kowa a layinmu na kasuwa ya sani. Na ce masa daga yau ba ni da ƙane, kuma na riƙe maganata kam-kam. A coci in ya zauna dama sai in zauna hagu. Ina waƙa a zumuntar mata, ina karɓar Jibin Ubangiji, ina ganin ni ce mai gaskiya.

Baba bai taɓa ce mini ban da gaskiya ba. Abin da ya hana ni sakat ke nan. Sai dai ya zo shago, ya zauna a kan dilar atamfa, ya ce, "Uwata, in aka busa ƙahon nan yau, ke da ɗan'uwanki ta ƙofa ɗaya za ku shiga. Yaya za ki yi da fuskar nan taki?" In ce, "Baba, sai in bari ya wuce tukuna." Ya yi dariya har da tari, sannan ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi a sanyaye. Na san sanyin nan, na kuma san ni na jawo shi.

Asabar ɗin ƙarshe ni ce farkon zagayensa. Ya iso ina ciniki da mata biyu. Ya ɗiga wa kwaɗona mai, ya tsaya gefe ya ce, "Saratu, gafararki na zo nema. Na matsa miki da maganar Iliya kamar ni ke sa wa zuciya rana." Ban ko ɗaga kai sosai ba. Na ce, "Haba Baba, don Allah, gobe in an tashi sujada ma yi magana." Ya ce, "To, in mun kai." Ya juya ya tafi. Shekara arba'in ina jin mutumin nan yana cewa wataƙila yau ne, ranar da ta kasance yau ɗin kuwa, gobe na ba shi. Wannan zai bi ni har tawa ranar.

A wurin jana'iza, ni da Iliya mun tsaya kabari na tsakaninmu, ban gaishe shi ba. Na faɗa ne don kada wani ya ɗauka mutuwa ta gyara ni nan take. Sai da Asabar ta zagayo, na buɗe shago na ga gwangwanin da Alhaji ya bar mini a kan kanta inda na ajiye, na kasa zama. Na ɗauka na hau adaidaita sahu zuwa Rijiyar Lemo, inda Iliya yake haya. A hanya na shirya abin da zan ce: na zo sa wa ƙofa mai ne kawai, kamar yadda Baba yake yi, in ya so ya yi magana, in bai so ba in kama gabana.

Na taɓa ƙofar ɗakinsa don in ƙwanƙwasa, sai ta buɗe da kanta, ko ƙis ba ta yi ba. Ƙarafanta sun jiƙe sharkaf, har mai ya yi zane a jikin siminti. Iliya yana zaune a bakin katifa. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya ce, "Yaya, ba ta buƙata. Duk Asabar sai Baba ya zo ya sa mata. Na ce masa ƙofar nan ta ƙoshi, ya ce in bar shi, wai yayarka mai zuciya ce, in ta tura sau ɗaya ƙofa ta yi mata gardama, juyawa za ta yi."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Ba zan ce zafin Mama ya fita daga raina duka ba, amma na kira ƙanena da sunansa, mun ci abinci a kwano ɗaya.

Ya Ubangiji, ka yi wa bawanka Yohanna jinƙai, ka ba shi hutawa a wurinka har ranar da ya yi ta jira. Ka ta'azantar da jikokinsa, da ikilisiyar da ta rasa dattijonta. Ka saka wa Alhaji Bukar da iyalinsa, waɗanda suka ba shi ruwansa na ƙarshe suka rufe masa ido. Ka riƙe ni da Iliya, mu biyu da muka rage, kada ka same mu a ware. Baba, gafarar da ka zo nema na ba ka, ko da yake ni ce ya kamata in roƙa. Gwangwanin yana hannuna, Asabar mai zuwa zan fita da hantsi. Amin.