Malamin da ya maido mini da sunana

Jiya jikana ya ce, "Kaka, har yau 'kai can baya' malam ka kirana." Wata guda da komawa makaranta! Raina ya ɓaci, na tuna malaminmu na Tambuwal.

Shekarar 'yancin kai aka ce mai garinmu, can wajen Kebbe, ya kai ɗansa boko. Ya ɓoye nasa, ya tura ni, maraya, da sunan ɗansa Bello. Ko innata ba a shawarta ba.

Malam ba ya taɓa alli ranar farko; sai ya gaisa da kowane yaro hannu da hannu. Ya ji kantar fartanya a tafina, ya daɗe yana murzawa, bakinsa na ƙamshin goro.

"Wanga hannu ba na ɗan sarauta ba ne. Mi innarka ka kiranka?"

"Sanda."

Ya daka wa ɗan aiken mai gari da ya kawo ni tsawa: "Yaro akuya ne, da za ku yi musaya? Sanda zan kira shi!"

Gobe da kaina zan raka jikana makaranta. Allah Ya jiƙan Malam, Ya ara mini muryarsa ta ranar nan.