Ranar da Aka Yi Tafi a Ɗakin Inno

Har gobe idan na ji mutum ya yi tafi shi kaɗai a cikin ɗaki, ba biki ba waƙa, sai raina ya ɓaci. Da tafi uku aka raba kakata da ɗakinta, kuma ni ce na nuna hanya.

Inno muke ce mata, uwar mahaifina ce. Ɗakinta soro ne na ƙasa a ƙuryar gidanmu na Tambuwal, kakanmu ya gina mata shi shekarar da ya auro ta daga Fakku. Bango mai kauri, rufin azara, da 'yar taga wadda ko kan akuya ba zai shiga ba. Ciki kuwa babu masaka tsinke: tabarmi a naɗe jingine da bango, ragaya uku ɗauke da ƙore, buhunan audugar da take kaɗi, buzaye, da gwadunan saƙi rataye a igiya. Bayan lisha, musamman lokacin ɗari, takan hura garwashi a kasko, mu jikoki mu kewaye shi kamar 'yan tsaki. Ba ta ɗaga murya. Ko raɗa ta yi, wanda ke bakin ƙofa zai ji kamar a kunnensa take magana.

"Ga ta nan ta taso, ta gaji da hanya," haka take buɗe tatsuniya. Mu ce, "Ta shigo mu ba ta tabarma."

Ina da shekara goma kuɗin mai ya shigo gidanmu ta hannun Baffa Sahabi, ƙanen mahaifina. Bayan an ba Sakkwato jiharta, ya samu kwangilar gina ajujuwa da kwalbatoci, kafin a ce kwabo ya zama Alhaji mai mota biyu. Wata tafiya ya je Ikko, ya ga wani abokinsa ya ware ɗaki guda don kallo kawai, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi silima a gida. Aka sauke kwalaye a zaure: talabijin mai kala, bidiyo, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, sifika huɗu kowace ta kusa tsawona, iyakwandishan, da janareta. Ya ɗauko wani mai haɗa kayan daga Sakkwato, siriri mai tabarau, kowa Injiniya yake ce masa.

Injiniya bai taɓa kwali ko ɗaya ba. Ya ce sai ya zaɓi ɗaki tukuna. Ya rinƙa shiga ɗaki-ɗaki yana tafi, yana karkata kai yana saurare, mu yara muna binsa muna dariya. A sabon falon Baffa na bulo ya tafa, falon ya amsa masa. Ya girgiza kai, ya ce ɗakin da ke mayar da sauti ba ya yin kallo. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, don dai a san ina wurin, sai na ce, "Ɗakin Inno ba ya amsawa."

Tana zaune tana kaɗi muka shiga. Ya gaishe ta, ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya tafa sau uku. Kowane tafi ya mutu a inda aka yi shi.

"Alhaji, wannan ne," in ji shi. "Ko a Kaduna ban ga irinsa ba."

Baffa ya shafa kaina, ya ba ni minti. Na tsotse shi ina jin kaina wata tsiya.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne yadda aka naɗe ƙwacen cikin ladabi. Baffa ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. "Inna, hutu nika son ki samu. Ɗakin ga ya tsufa. Na gina miki na bulo da kwano, har da fanka."

"Sahabi, cikin ɗakin ga na haife ka," ta ce. "Nan ubanka yac cika."

"Shi as sa nika son a gyara shi, Inna."

Gyara! Mahaifina yana tsaye, bai ce uffan ba, don a lokacin hatsin gidan duk daga hannun Baffa yake fitowa. Aka ba ta kwana uku ta kwashe.

Daren ƙarshe ta hura kaskonta kamar kullum, ta ba mu tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Wai wani attajiri ne ya bi ta dajin Kebbe, wata tsohuwa ta ba shi zuma daga amyarta. Da ya lasa sai ya ce duniya ko lahira sai an bar masa amyar. Aka kai ta gidansa. Ƙudan zuma suka harbi baƙinsa, ya sa aka yi musu hayaƙi suka watse. Ya ga amyar ta yi baƙi, ya sa aka kankare ta, aka shafa mata shuni, aka ɗora ta a kan kujera. Ya zauna da cokali yana jira. Wata ya zo ya wuce, babu ko ɗigo. Ya tambayi masu sani, suka ce ai zuma da fure ake yin ta. Sai ya aika aka tsinko furen dajin kaf, aka jibge a gindin amyar.

"To, ya samu?" in ji wani ƙanena.

"Ya samu amya, ya samu fure," in ji Inno. "Shina nan zaune da cokali nai. Ƙurunƙus, wanda bai gane ba shi tambayi toka."

Ni ban tambayi kowa ba. Hankalina yana kan kwalayen zaure.

Washegari muka kwashe mata kaya zuwa sabon ɗaki. Injiniya ya tafi Kaduna nemo wayoyi da sitabilaiza mai daidaita wutar lantarki, Baffa kuwa ya ce ba zai tara manyan mutane a cikin ginin ƙasa ba. Aka kankare bangon, aka yaɓe shi da siminti, aka yi masa fenti mai sheƙi. Aka farfasa daɓen, aka zuba siminti sumul. Aka toshe tagar, aka huda wa iyakwandishan gurbi, aka jera kujerun ƙarfe. Da Injiniya ya dawo ya leƙa, na ga fuskarsa ta canza, amma an riga an gayyaci mutane. Ya kafa sifika a kusurwa huɗu, ya ɗora talabijin daidai idon mai zaune, ya ja wayoyi ta gefen bango. Janareta kuwa ya ce a kai shi nesa, kada ƙararsa ta ɓata kallo. Wuri mafi nisa a gidan shi ne bayan sabon ɗakin Inno, can aka girke shi.

Ranar buɗewa aka sa fim ɗin Indiya. Hoto tar, amma sauti kamar ana ihu a cikin randa. Magana na hawa kan magana, kiɗa na dukan bango yana dawowa. Wani dattijo ya toshe kunne ya ce, "Alhaji, kamar cikin rijiya muke." Baffa ya hau Injiniya da faɗa, ya ce ya cuce shi.

"Alhaji, ina kayan da na tarar?" in ji Injiniya. "Tabarmin nan da auduga da gwaduna, da ƙasar bangon, su ne ke shanye amo. Kun fitar da abin da na zaɓa."

Na ɗauka nan Baffa zai ji kunya ya mayar da uwarsa ɗakinta. Ina! Da safe ya sake cire takalmi, ya sake durƙusawa, ya ce ko za ta ara masa tabarminta da gwadunanta a rataya a bango.

Inno ta dube shi. Sannan ta juyo gare ni.

"Hajo, ke da kin nuna musu ɗaki, tashi ki nuna musu inda kowace tabarma take."

Babu marin da ya taɓa yi mini zafi kamar wannan magana. Kuma na tashi. Na san mazaunin kowane abu, na mayar da shi: tabarmi a bangon gabas, gwaduna a igiya, auduga a kusurwa. Injiniya ya tafa, tafin ya kwanta, kowa ya yi hamdala. Komai ya koma ɗakin ban da mai shi.

A sabon ɗaki an hana ta kasko, wai zai ɓata silin da ledar ƙasa. Da magariba janareta zai tashi, kwano ya ɗauki rawa. Sau ɗaya ta gwada yi mana tatsuniya a can, muna ganin bakinta na motsi ba ma jin komai. Ba ta sake ba, mu ma ba mu roƙa ba, don a layin gaba muke zama wajen kallo. Kafin damina ta ce za ta je Fakku ganin ƙanenta. A can ta rasu.

Silimar ba ta shekara uku ba. Kwangila ta ƙafe, bidiyo ya fara cin kaset, janareta ya kwanta, aka garƙame ɗakin. Da aka buɗe shi bayan shekaru, gara ta gama da tabarmin.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan habaici ce ga Baffa shi kaɗai. Sai da na girma na tambayi toka, na gane attajirin bai yi hayaƙin da hannunsa ba, wasu ya sa, suka yi masa da murna. Ina fushi da Baffa, Allah ya jiƙansa, ina fushi da shirun mahaifina, amma rabon da ya fi ɗaci nawa ne.

Bara ɗana ya ce zai yi ɗakin kallo a gidanmu na Sakkwato. Ya zo da wani yaro mai jakar wayoyi, na ji su suna bin ɗakuna suna tafi. Da suka iso ƙofata, ɗana ya yi sallama da ladabi, har ya sunkuya yana cire takalmi.

Na ce, "Mayar da takalminka. Ɗakin nan ba ya amsawa, na riga ku sani. Wanda zai yi tafi a cikinsa ya jira a fitar da ni tukuna."