Mutuwar da Kawu ya ɓoye a gwangwani

Mun tashi da asuba daga Gorton, ni da kawuna, ana yayyafin nan na Manchester da ba ya zuba kuma ba ya ɗaukewa. Kwana shida na jera ina aiki a gidan kula da tsofaffi, wannan ce ranar hutuna ɗaya tilo, kuma wallahi barci na so in yi. Amma saura mako guda Kawu ya koma Jos, likitoci sun ce sun yi iya yinsu, shi kuma ya rantse ba zai hau jirgi ba sai ya sauke wani nauyi. Nauyin yana aljihunsa, cikin wani tsohon gwangwanin alewa.

Kawu ya yi shekaru yana haska fim a silima. A zamaninsu akwai wani ɗan wasan Indiya da bai taɓa fitowa jarumi ba. Kullum shi ne aminin jarumi, kullum kuma sai an kashe shi kafin fim ya yi rabi, don jarumi ya sami dalilin ɗaukar fansa. Wani watan sai ga shi a sabon fim da ransa, har mutanen Jos suka laƙaba masa Gawa-ta-ƙi-rami. To akwai fim ɗin da mutuwarsa ta yi wa Kawu ciwo, ya sa almakashi ya yanke wurin daga zaren fim ɗin, ya liƙe sauran, ya ɓoye guntun a gwangwanin nan. Garin kaf aka kalli fim ɗin babu mutuwar. Wata abokiyar aikina Ba'indiya ce ta ce min tsohon yana Birmingham wurin 'yarsa, yana zuwa wata cibiyar tsofaffi a unguwar Handsworth duk Alhamis. Tun da Kawu ya ji ya hana ni sakat, wai ya ci haƙƙin mutum, ya yanke masa guminsa, dole ya nemi yafiya.

Kuɗin jirgin ƙasa na mutum biyu ya kai cefanen mako, don haka bas muka hau. Hanyar duk gyara ce, an jera robobi masu ruwan lemo iya ganinka, ma'aikaci ko ɗaya babu. Inda muka tsaya shayi fam uku ne. Kawu ya tambaya ko da saniyar ake bayarwa, sannan ya shanye tas.

Handsworth gidaje ne na jan bulo manne da juna, shagon doya kusa da shagon sari, wato zanen matan Indiya, ƙamshin turare na karo da na soyayyen kifi. Muka sami cibiyar da ƙaton kwaɗo a ƙofa, an manna takarda cewa ƙaramar hukuma ta janye tallafi. Raina ya ɓaci matuƙa. Kawu ya zauna a kan matakala, ƙafafunsa sun kumbura. Na ce, "Kawu, mun dai zo, Allah ya ga niyya, mu koma." Ya ce, "Ai ba Allah na yanke wa fim ba, mutum ne."

Wata mai shagon sari ce ta cece mu. Ta ce 'yan tsirarun da suka rage suna haɗuwa a zauren wani coci a Balsall Heath, 'yan sa-kai ke dafa musu abinci. Bas biyu muka ƙara hawa, ta biyun a tsaye na yi ta ina gyangyaɗi.

Zauren sanyi kamar randa, tsofaffi sun kewaye na'urar ɗumama ɗaki guda ɗaya. Ni ban ga wani ɗan fim ba. Kawu kuwa ya miƙe kai tsaye wurin wani ɗan tsamurmurin tsoho mai sanƙo, sanye da rigar sanyi biyu. Ya gaishe shi da Indiyancin da ya tsinta a silima, wanda duk rantsuwa ce da alwashin fansa, tsofaffin mata suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Daga nan aka koma Turanci, ni ina tafinta. Aka kawo mana miyar wake da wata gurasa marar kauri, Kawu ya ce miya ba nama, amma ba laifi.

Tsohon ya ba mu labarinsa a hankali. Yana saurayi ya gudo daga ƙauye, ya yi dakon fitilu a wurin ɗaukar fim, har wata rana aka rasa wanda zai faɗi matacce aka ce ya gwada. Ya iya faɗuwa, shi ke nan ta zame masa sana'a. An harbe shi, an soke shi, an jefo shi daga jirgin ƙasa. Mahaifiyarsa ba ta taɓa kallon fim ɗinsa ba, ta ce ba za ta biya kuɗi ta ga an kashe mata ɗa ba. Da furfura ta fito aka daina kiransa.

Sai Kawu ya buɗe gwangwanin, ya miƙa masa, ya ce, "Na yanke maka aikinka ba da izininka ba. Ka yafe min." Tsohon ya ɗaga zaren fim ɗin saitin taga, ya daɗe yana duba. Ya ce, "To da ban mutu ba, ina suka ce na shiga?" Kawu ya ce an yi ta gardama a gari, amma yawanci sun tafi a kan cewa ƙauye ya koma wurin mahaifiyarsa.

Hawaye suka bi kumatun tsohon. Ya ce suna tsakiyar ɗaukar wani fim aka aiko masa mahaifiyarsa ta rasu, bai sami zuwa ba. Ya naɗe zaren, ya mayar gwangwani, ya danƙa wa Kawu a tafin hannu. "Na yafe," in ji shi. "Amma kada ka mayar da shi cikin fim ɗin. A bar ni a Jos, na je gida."

A hanyar dawowa Kawu ya yi barcin da rabonsa da shi tun zuwansa ƙasar nan, ni kuwa idona biyu. Kullum ina wanke tsofaffi, ina ba su abinci a baki ina duba agogo, ban taɓa tambayar ko ɗaya me ya yi da ƙuruciyarsa ba. Abin ya ba ni kunya. Mun iso Gorton a gajiye liƙis, yayyafin na nan inda muka bar shi.

Jiya na raka Kawu filin jirgi, mu biyu mun san da wuya mu sake ganawa. Ya taɓa aljihunsa ya tabbatar gwangwanin na nan, sannan ya wuce.